Shekarar da Na Yi wa Mai Daji Waƙa

'Yata Hadiza ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mani magana. Abin da nake so ku sani, ku 'ya'yana, shi ne yadda aka yi na bar waƙa. A cikin Maraɗi wasu sun ce jandarma suka hana ni, wasu sun ce tuba na yi, wasu kuma sun ce kunya ce ta rufe mani baki. Kun ji duk wannan a lakwal wurin karatu da kasuwa, kun dawo gida ba ku tambaye ni ba. Na gode maku da wannan kawaici. Yanzu ƙarfina ya fara ja baya, gara ku ji daga bakina.

Kun san mu makaɗan noma ne tun daga kakanku na Tibiri. Ni nake jan waƙa, ƙanena Sale yana buga ganga, 'yan amshi suna bayanmu. Baba bai koya mamu da lallashi ba. Yakan zaunar da mu ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida da tsumagiya a hannu, ya ce kowace waƙa tana da gindi, wato 'yan kalmomin nan da ake komawa gare su kullum, waɗanda 'yan amshi ke riƙewa. Abin da jagora ke kawowa tsakanin gindi da gindi, shi ne ɗa, kuma waƙa ɗaya tana iya haifar ɗiya da yawa. Cikin kowane ɗa akwai guntaye, waɗanda na ji masu karatu suna kira saɗara, amma Baba numfashi yake ce masu, don iyakar kowane shi ne inda iskar ƙirjinka ta ƙare. Sai kuma rauji, hanyar da murya ke bi tana hawa tana sauka, wanda ko an cire kalmomin aka yi shi da gunguni za a gane waƙar. In na hau da murya na manta ban sauko ba, sai in ji tsumagiya a ƙafa.

"Ka hau da mutane sama ka bar su can?" in ji shi. "Sauko da su ƙasa ka ajiye, 'yan amshi su samu wurin ɗauka."

Da wannan muka ci abinci shekaru masu yawa. Ba gonar gayya daga Tibiri har Jiratawa da ba ta san muryata ba. Na yi aure, na dawo Sabon Gari nan Maraɗi, aka haife ku. Sale ya kama gida bayan namu. Ban taɓa tunanin abin da Baba ya koya mani zai kai ni inda ya kai ni ba.

Shekarar da nake faɗa maku, lokacin ne aka fara jin labarin mutanen daji sosai a ƙauyukan kudu, wajen iyaka. Yau a ce an kore shanun wane, gobe a ce an ɗauke matar wane. Gero ya kai gwiwa, ana cikin maimai, wato noma na biyu, sai ga wani mutum ya yi sallama da hantsi. Tsaf da shi, farar riga, magana a hankali. Ya ce maigidansa babban manomi ne a wani ƙauye kudu da Jiratawa, ya tara gayya, kuma ya rantse ba wanda zai yi mashi kiɗa sai ni, Idi na Tibiri. Na ji daɗi, don an kwana biyu ba a neme mu ba. Da na shiga ciki, na iske innarku Rabi tsaye bakin ƙofar ɗaki, ashe ta ji komai.

"Malam, wane ne ke tara gayya a can wajen a wannan zamani? Mutane gudowa suke yi."

"Ko ana gudu ai sai an ci tuwo, Rabi."

"Ni dai raina bai kwanta ba. Mutumin nan ko sunan maigidan nashi bai faɗa ba sai da ka tambaya."

'Yan amshina ma da na aika masu, kowa ya kawo uzuri. Na ce ba komai, waƙoƙina a bakin kowa suke, za mu samu masu karɓa a can. Sale kuwa ya ɗaure gangarsa kawai. Shi haka yake tun muna yara, inda na sa ƙafa nan yake sawa.

Washegari mutumin ya zo da baburan kabu-kabu biyu. Muka wuce Jiratawa, ina ganin mutane cikin fadama suna ɗaga mamu hannu. Muka bar kwalta, muka bi turɓaya, muka wuce ƙauye ɗaya, muka wuce na biyu. Daga nan gonaki suka fara ƙarewa. Wanda na gani na ƙarshe ciyawa ta cinye shi, ba alamar an taɓa sa mashi hauya bana. A nan na gane ba gayya za mu ba. Na taɓa kafaɗar mai tuƙa ni na ce ina jin fitsari. Bai tsaya ba, bai ko waiwayo ba. Can gaba sai ga wasu babura sun fito daga cikin sabara, kowane da mutum biyu, da bindigogi rataye. Suka sa mu tsakiya. Na juya na dubi Sale, na ga ya rungume gangar a ƙirji, leɓensa na motsi.

Ba zan faɗi sunan shugabansu ba. Na faɗe shi a waƙa ya isa, bakina ba zai sake ɗaukarsa ba. Mai daji zan ce mashi. Na zaci zan ga wani ƙato mai jajayen idanu, sai na ga ɗan siririn mutum, bai kai shekarun babban yayanku ba, zaune kan tabarma ƙarƙashin wata tsamiya yana yanke farce. Ya miƙe ya gaishe ni har da rusunawa.

"Baba, sannu da hanya. An wahal da kai."

Ya ciro salula ya danna, sai na ji muryata tana fitowa. Waƙoƙina ne cike a ciki, har da waɗanda ni kaina na manta. Ya ce tun yana yaro yana bin gayya don ya ji ni, kuma ba abin da ya rage mashi a duniya sai ya ji sunansa a bakina. Na ce mashi ni makaɗin noma ne, manoma nake yi wa waƙa. Ya yi murmushi ya nuna dajin da hannu, ya ce shi ma ga gonarsa nan. Na ce ban zo da 'yan amshi ba, waƙa kuwa ba ta tsayuwa sai da su. Ya kira wasu daga cikin mutanensa ya ce ga su nan, in koya masu. Duk ƙofar da na nufa sai in iske ya riga ni ya rufe, kuma bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Nesa kaɗan da tsamiyar akwai wasu mutane zaune cikin rana, an haɗa ƙafafunsu da sarƙa. Ba wanda ya ce mani in dube su, ba wanda ya ce kada in duba.

Sai na yi dabara irin ta mai jin tsoro. Akwai waƙar da na yi wa Tanko na Jiratawa, wani manomi da ba a kama shi a kunyar noma. Gindinta yana cewa, "Tanko, garma ta san hannunka, rana ta faɗi kai ba ka faɗi ba." Na ce a raina bari in cire kalmomin in zuba wasu a kan raujin, in sa sunan mai daji, mu samu mu tafi. Na raɗa wa Sale, ya ɗaga kai. Da la'asar aka taru, Sale ya sa gula a ganga, na buɗe baki. Ban gama ɗan farko ba mai daji ya ɗaga hannu. Ganga ta tsaya.

"Baba, wannan ta Tanko ce."

"Ranka shi daɗe, kalmomin ai sababbi ne."

"Na ji kalmomin. Raujin fa? Rigar wani za ka sa mani? Duk wanda ya ji wannan, Tanko zai tuna, ba ni ba."

Ya mayar da ido ƙasa, kamar wanda aka ɓata wa rai a gidan surukai. Sannan ya ce a kai mai ganga wajen baƙi ya huta. Suka fizge gangar, suka ɗaure wa Sale hannuwa ta baya da igiyar roba, suka ja shi cikin rana wurin masu sarƙa. Na durƙusa na kama ƙafar mai daji, na ce ni na yi laifin, a ɗaure ni. Ya ɗaga ni da hannunsa, ya kakkaɓe mani gwiwa.

"Kai ai aiki gare ka, Baba. Ranar da na ji tawa, a kwance shi."

Ku da ba ku yi waƙa ba, ba za ku san abin da ya ɗora mani ba. Kalmomi ana iya ƙirƙiro su ko ana gudu. Rauji ba ya zuwa don an kira shi. Ni dai a da yakan zo mani ina tafiya a hanyar gona, ko in ji mata na daka, ko kukan wani tsuntsu, sai in ji abu yana juyawa a maƙogwaro. Yanzu ga ni zaune gindin itace, mai bindiga yana gefe yana cin gyaɗa, ƙanena yana can rana tana dukansa, an ce in haifo sabon abu. Duk abin da na ɗauko sai in ji na wani ne. Wannan na Baba ne, wancan na waƙar masu albasa ne, wancan kuma na Tanko ne ya sake dawowa ta bayan gida. Kuma na san mutumin nan ya san su duka. Kwanaki suka shige haka, ban san ko nawa ba ne, don na daina lissafi. Kowace safiya mai daji yakan zo ya tsuguna ya tambaye ni yadda na kwana, ya ce kada in yi gaggawa. Wannan "kada ka yi gaggawa" ta fi zagi tayar mani da hankali.

Wata rana aka bar ni na kai wa Sale ruwa. Hannuwansa sun kumbura sun yi baƙi, igiyar ta nutse cikin nama. Na sa mashi kwanon a baki ina kuka. Wani tsoho da ke ɗaure kusa da shi, wanda har jiya nake jin tarinsa daga nesa, babu shi, sai gurbin zamansa a ƙasa. Ban tambaya ba. Sale ya sha, ya dube ni.

"Yaya, ba na jin yatsuna."

"Ka yi haƙuri, Sale, ina nema."

"Kada ka nemi mai kyau. Ka kawo ko wane iri ne."

Ina komowa daga wurinsa ƙirjina ya riƙe. Numfashi ya ƙi shiga sosai, sai guntu-guntu, kamar wanda ya yi gudu. Ina tafiya ina cewa wayyo Allah, wayyo Allah, a hankali don kada a ji. Sai na lura muryata tana bin wata hanya da ban san ta ba. Takan hau kaɗan ta tsaya, ta ƙara hawa ta tsaya, ba ta samun iskar da za ta sauko. Na tsaya cik. Na sake yi. Ba na Baba ba ne, ba na kowa ba ne. Na zauna na riƙe shi da gunguni kamar mai riƙe da ƙwai, ina tsoron kada wani ya yi mani magana ya zube. Kafin rana ta karkata na ɗora mashi gindi, na sa sunan mutumin a ciki. Ɗiyan kuwa na yi su gajeru, don iyakar abin da ƙirjina ke iya ɗauka ke nan. Ban ce ya yi alheri ba, ban ce ya yi adalci ba. Na ce ana tsoronsa, na ce in ya taso gari ba ya barci. Gaskiya ce, kuma na san abin da yake son ji ke nan.

Saura koya wa 'yan amshi. Ban taɓa aikin da ya kai wannan ban tsoro ba. Mutane ne da ba su saba a ce masu sun yi kuskure ba, ga bindiga jingine a kafaɗar kowa, wasu idanunsu sun juye da ƙwaya. Na ce masu ga gindi, in na kai ƙarshen ɗa na ajiye, ku ɗauka tare. To amma raujin nan ba shi da sauka sosai, wurin ajiyewar a sama yake, sai suka riƙa shigowa kafin lokaci. Akwai wani mai tabo a goshi da kullum yake riga kowa. Na ce mashi, cikin ladabi, ya jira sai ya ji na yanke. Ya sake. Na sake faɗa. A karo na gaba ya sauke bindigar daga kafaɗa ya ɗora bakinta a kan cikina.

"Tsoho, ni kake mayarwa jaki?"

Na ji sanyin ƙarfen ta cikin riga. Fitsarin da na ce ina ji ranar da aka kawo mu, a nan ya zubo, ba zan ɓoye maku ba. Mai daji yana daga kan tabarmarsa ya ce, ba tare da ya tashi ba, "Baba ya fi ka gaskiya, kana shiga da wuri." Mutumin ya janye bindigar. Daga nan na ce zan riƙa sauke hannuna in lokaci ya yi, su dubi hannun kawai. Haka muka yi har suka iya.

Aka kwance Sale don ya buga. Hannunsa na dama ya kasa riƙe gula, ta faɗi, ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Sai ya mayar da ita hagu, ya daure. Na ja waƙar, suka karɓa, salula ta yi sama ta ko'ina ana ɗauka. Suka yi ta harbi a iska suna rawa. Masu sarƙa suna can suna kallonmu. Mai daji bai yi rawa ba. Ya rufe ido yana kaɗa kai, da na ƙare ya ce in sake, na sake, ya ce in ƙara. Da ya buɗe idon na ga ruwa a ciki.

"Wannan tawa ce," in ji shi.

Bayan haka suka sake mu, suka ajiye mu kusa da kwalta, muka tako da ƙafa har Jiratawa. Mutanen fadama suka ɗauko mu a amalanke. Innarku ta rame kamar ta yi jinya. Likita ya duba Sale ya ce jijiyoyin hannun sun mutu. Jandarma suka kira ni ofishinsu na birgad, na faɗa masu duk abin da na sani, suka sallame ni. Na zaci an gama.

Waƙar ta riga ni isowa gari. A tasha, a wurin masu shayi, a salular 'yan kabu-kabu, ko'ina ita ce. Abin da ya fi ci mani rai, ta yi daɗi. Duk waƙoƙin da na yi wa mutanen kirki ba wadda ta kama bakin jama'a kamarta. Mutanen da suka gudo daga ƙauyukan kudu suka zauna a Sabon Gari, in na wuce sai su kau da kai. Wata mata da aka kashe wa miji ta tare ni a bakin masallaci ta ce, "Da muryarka suka shigo garinmu." Na kauce na wuce. Mutum ɗaya ne ya ji abin da ke ciki, Dodo, tsohon ɗan amshin Baba a Tibiri, wanda ya makance. Da na je gaishe shi ya laluba ya kama hannuna.

"Idi, na ji abin nan. Ɗiyanka duk sun rataye a sama, ba sauka. Wa ya shaƙe ka?"

Na kifa kai a cinyarsa na yi kuka kamar yaro.

Bayan girbi, ina zaune a zaure da rana tsaka, salulata ta yi ƙara. Lambar da ban sani ba. Ina ɗauka na gane muryar, mai taushi, mai ladabi. Ya tambayi iyali. Ya tambayi hannun Sale. Ya ambaci sunan Hadiza da lakwal ɗin da take zuwa, ya ce Allah shi raya. Sannan ya ce ya yi wasu ayyuka tun bayan rabuwarmu, yana son a ƙara wa waƙar ɗiya, zai aiko a ɗauke ni. Ban shirya amsar ba, ita ta fito da kanta. Na shaƙe murya na ce mashi tun da na dawo maƙogwarona ya lalace, ko kiran kaji ba na iya yi, na bar waƙa. Sai ya ce:

"Allah shi sawwaƙe, Baba. Amma ka san ni mai sauraronka ne. Duk inda ka buɗe baki, zan ji."

To kun ji dalilin. A zamanin nan ba taron da za ka yi waƙa ba a ɗaga salula ba, kuma abin da aka ɗauka a Tibiri da safe, kafin azahar ya isa daji. In na yi ko ɗa ɗaya a bainar jama'a, ya san na yi mashi ƙarya, kuma ya san ƙofar gidanmu. Muryata lafiyarta lau. Tanko da kansa ya zo har nan ya roƙe ni in je gayyarsa, ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, na nuna mashi wuyana na girgiza kai, ya tafi yana tausaya mani. Na sayar da goro, na yi gadin shago, innarku ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli, da haka kuka yi karatu. An sha zuwa a ce mani an kashe mai daji. Na ƙarshen ma har da hoto aka nuna mani. Na duba, ban tabbata ba. Ko da shi ne, mutanensa ai da yawa sun iya gindin.

Abu ɗaya ya rage, wanda kuke yi wa innarku dariya a kai. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, in ta bi ku da kwano tana karɓe salulolinku ta kai ɗakin girki, ta kore ku waje, ba rigimar tsufa ba ce. Sale yakan shigo ta ƙofar baya. Mu shige ƙuryar ɗaki, ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da zane. Ya kifa ƙwarya a kan katifa yana taɓawa da hannun hagu, ni kuma in ja waƙoƙinmu na da, ƙasa-ƙasa, yadda ba za su wuce bango ba. Ita da Sale su ne 'yan amshi. Ta iya ɗauka daidai, ashe duk shekarun nan tana ji daga tsakar gida.

Har yanzu, in babur ya tsaya a ƙofar gida, nakan yanke ɗa a tsakiya. Sale ya ɗora tafinsa a kan ƙwaryar. Mu ukun mu zauna muna kallon ƙofa, har sai mun ji muryar wanda ya yi sallama.